Kulle da Kasuwa: Tarihin Tsare Mutane Saboda Annoba a Ƙasar Gumel

Kafin shekarar 2020, idan Bahaushe ya ce kulle, abin da yake nufi shi ne zaman matar aure a cikin gidan mijinta, ba ta fita da rana sai da izininsa, kuma sai da dalili mai ƙarfi irin rasuwa ko biki ko zuwa asibiti. A bazarar waccan shekara ce kalmar ta sami sabuwar ma'ana a bakin 'yan jarida da jami'an gwamnati, aka riƙa cewa dokar kulle, wato umarnin hukuma da ya tsare kowa a gida, namiji da mace, mai lafiya da marar lafiya, domin katse yaɗuwar cutar korona. Aron kalmar ya dace ta fuska ɗaya, sai dai ya rufe wani bambanci da tarihin ƙasar Gumel ke fitowa da shi fili, domin kowane irin tsarewa da mutanen wannan ƙasa suka sani a dā ya dogara ne ga samun wani a waje, wanda zai ci gaba da kai da kawowa a madadin wanda aka tsare.

Ƙasar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991. Masarauta ce ta Mangawa da aka kafa wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta zauna a inuwar Borno, jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba, kuma kafin fadarta ta tabbata a garin Gumel ta yi zama a Tumbi, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi da gajeriyar damina da rijiyoyi masu zurfi, inda gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ke riƙe gida na wasu watanni, ragowar shekara kuwa a cike ta da fatauci da kiwo da cin rani, wato fitar magidanta da samari neman kuɗi a wasu garuruwa bayan an gama girbi. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a watan Maris 1851, ya kuma rubuta cewa garin babbar mahaɗa ce ta cinikin kanwa, inda masu kawo ta daga gabas ke sauke kayansu, fataken da za su kai ta har ƙasar Nufe su ɗauka. Tun a wancan zamani arzikin wurin yana bisa hanya ne.

Rufewa ta farko da ƙasar ta sani ita ce ta ƙofar ganuwa. A ƙarni na 19 Gumel ta sha gwabzawa da maƙwabtanta, Haɗeja daga kudu maso gabas da Damagaram daga arewa, musamman a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, kuma idan labarin hari ya zo sai mutanen ƙauyuka su kwashi iyali da dabbobi su shige garu, a datse ƙofa har ƙura ta lafa. Irin wannan tsarewa tara jama'a take yi wuri guda, abokin gabar da ake gudu kuwa ana ganinsa da ido a kan doki, ana kuma sanin ranar da ya juya.

Game da cuta, wadda ta koya wa ƙasar Hausa da Borno keɓe majiyyaci ita ce agana, wadda saboda tsoronta wasu ba sa kiran sunanta sai su ce ado. Al'adar da aka saba da ita a garuruwa da ƙauyuka ita ce a yi wa wanda ya kamu bukka a bayan gari ko a gefen gona, a sa wani wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, wanda zanzanar fuskarsa ke shaidar cewa ba zai sake kamuwa ba, ya riƙa jinyarsa. 'Yan gida su dafa kunu ko fura su kawo, su ajiye ƙwaryar daga nesa, su yi masa sannu da murya, su juya. A wasu wurare ma akan ɗebi ruwan ƙurjin wanda ciwonsa ya zo da sauƙi a tsaga fatar yaro mai lafiya a shafa, domin ya yi ƙaramin ciwo ya tsira daga babba, dabarar da take da haɗarinta amma wadda ta riga allurar Turawa zuwa. Masu bori sun ba cutar gurbi a cikin iskokinsu, malamai kuma suna da nasu madogara, wato hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda yake ciki fita don gudu, da labarin Halifa Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Abin lura shi ne cewa hukuncin ya shafi tafiya tsakanin gari da gari, al'adar bukka kuma ta shafi majiyyaci shi kaɗai, don haka a cikin garin rijiya tana aiki, maƙera tana aiki, kasuwa tana ci. Kutare ma, waɗanda aka ware wa unguwa da sarkinsu a manyan garuruwa, ranar kasuwa a bakin kasuwa ake samunsu.

Haka abin yake a tsarewar da addini da al'ada suka tsara a cikin gida. Mai takaba, wato matar da mijinta ya rasu, tana zaman wata huɗu da kwana goma, dangi na kawo mata abin buƙata; mai jego tana kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa; mai halwa da mai i'itikafi sun shiga ɗaki ko masallaci ne da sanin cewa akwai mai miƙo musu abinci. Kullen aure kansa, wanda bai kai tsananin na birni ba a ƙauyuka da rugagen wannan ƙasa, bai taɓa hana mata sana'a ba. Matar da ba ta taka ƙofar gida tana matse man gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli da ƙosai, tana dama fura, tana dafa ɗanwake, 'yarta ko ƙanwarta ta ɗora a ka ta zaga tasha da kasuwa da majalisun maza, da yamma ta dawo da ciniki a zuba adashi, wato tarin kuɗi na karɓa-karɓa da mata ke yi a tsakaninsu. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa wannan ciniki na cikin gidaje kasuwa ce cikakkiya wadda baƙo ba ya gani. Ƙafar wannan kasuwa ita ce yarinya mai talla, kuma ranar da aka tsare ta, an tsare jarin uwarta.

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya hanyoyin da cuta ke bi, ya kuma shigar da hukuma cikin sha'anin jinya. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da Faransa suka kafa alamun iyaka, suka raba Gumel da Damagaram zuwa ƙasashe biyu, suka bar dangi da gonaki da makiyaya a ɓangarorin biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma layin da ya ratsa Gagarawa ya kai Nguru don kwasar gyaɗa. Murar 1918, wadda Hausawa suka kira Marisuwa, ta sauka Legas daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo ta iso Kano cikin 'yan makonni, daga nan ta bazu ta hanyoyin fatake, aka ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, shekara huɗu kacal bayan yunwar Kakalaba ta 1914 ta raunana arewacin Lardin Kano. A shekarun da suka biyo baya ne talaka ya san duba-gari, jami'in tsafta mai ikon shiga gida ya leƙa randa ya ci tara, da 'yan lamba masu tsaga dantse don rigakafin agana, waɗanda akan ɓoye musu yara a rumbu. Makiyayi kuma, wanda kakanninsa suka ga yadda ciwon bushiya ya share garkuna wajen 1890, ya san sansanin allurar shanu, ya kuma lura cewa hukumar da ke ƙirga shanunsa don allura ita ce ke ƙirga su don jangali. Daga nan ne aka gaji zargin cewa duk abin da hukuma ta kawo da sunan lafiya yana da wata manufa a bayansa, zargin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ya ƙara wa ƙarfi, har ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Duk da haka lamba ta yi aikinta, domin gangamin da aka fara a 1967 ya kawo ƙarshen agana a Nijeriya a 1970.

Cutar da wannan yanki ya fi sani da tsoro a ƙarni na 20 ita ce sanƙarau, wato kumburin rufin ƙwaƙwalwa da laka wanda ke sandarar da wuya, mai zuwa da iskar hunturu da zafin bazara ya tafi da saukar ruwan farko. A 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Nasihar da jami'an lafiya suka daɗe suna yi game da ita kuwa ita ce a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga, a kwana a tsakar gida, nasihar da ta yi hannun riga da tsare kowa a gida da aka zo da shi a 2020.

Ba za a fahimci nauyin abin da ya faru a 2020 ba sai an san abin da ranar Alhamis take nufi a Maigatari. Tun daga Laraba dabbobi ke fara shigowa ta Dungas da sauran garuruwan Damagaram: shanu da raƙuma da tumaki uda da balami da awaki da jakuna da dawaki. Baƙon da ya kawo dabba yana sauka wurin fatoma, wato mai masaukin da ke ba shi wurin kwana, ya tsaya masa shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Da safe dillali ya ja ta zuwa kara, filin cinikin dabbobi, mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a ce albarka, har mai kaya ya sallama, a tafa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. A gefen wannan ciniki ɗaya akwai mai igiya da mai harawa da dusa, da ɗan garuwa, da mai canjin naira da sefa, da masu lodin tirelar da za ta kwana a hanya zuwa Legas ko Ibadan ko Fatakwal, da 'yan kamasho, da mai shayi da mai tsire da mai tuwo, da yarinyar nan mai talla. Wani ɓangare mai yawa na cinikin a kan amana yake tafiya: a ɗauki kaya yau, a biya Alhamis mai zuwa idan mota ta dawo daga kudu. Ga manomin Sule Tankarkar ko Gagarawa kuwa, akuyar da ke ɗaure a turke ita ce asusunsa, kuma watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana jiran ruwan shuka, su ne lokacin da yake kwance ta ya kai kasuwa ya sayi tiyar gero da iri da taki. Idan Alhamis ɗaya ta faɗi, bashin da aka ɗaura a kanta ya faɗi tare da ita, daga kara har zuwa ɗakin mai adashi.

Korona ta tarar da wannan kasuwa tana ɗingishi. Tun a watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, har aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga bakin iyaka, abin da ya tsadar da kowace tafiya a Maigatari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. An tabbatar da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Nijar ranar 19 ga Maris. Aka rufe makarantu a watan Maris. Aka kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Kano ta sami mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, ta shiga kulle bayan 'yan kwanaki, Jigawa kuma ta biyo baya a cikin watan. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ba ta rufe jihar gaba ɗaya a lokaci guda ba, ta bi tsarin rufe gari-gari inda aka sami mai cutar, aka fara da Kazaure, sannan wasu garuruwa da suka haɗa da Birnin Kudu da Gujungu da Gumel, aka dakatar da cin manyan kasuwannin mako, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara.

Rayuwar yau da kullum a waɗannan makonni ta sauya ta wuraren da mutum bai taɓa zaton doka za ta taɓa ba. A garuruwan da aka rufe an dakatar da sallar Juma'a, tafsirin azumi ya koma rediyo da waya, magidancin da bai taɓa limanci ba ya ja iyalinsa asham a tsakar gida da 'yan surorin da ya haddace. A tsallaken iyaka, inda gwamnatin Nijar ta rufe masallatai tun a watan Maris, an yi tarzoma a Mirriya kusa da Damagaram da kuma Yamai, kafin a sake buɗe su a tsakiyar Mayu. An ce a daina musabaha, alhali a nan ƙin miƙa wa mutum hannu alamar gaba ce. An ce a taƙaita zaman makoki, alhali ta'aziyya bashi ce da ake bin kowa. Abin rufe baki da hanci ya sami suna takunkumi, kalmar da makiyayi ya sani a matsayin abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta yi ɓarna ko ta yi cizo, kuma ba abin mamaki ba ne da sunan bai ƙara wa abin farin jini ba, ko da yake teloli sun ɗan samu da ɗinka shi daga ragowar atamfa. An ce a yawaita wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudana, a ƙasar da jarkar ruwa saye ake yi daga ɗan garuwa, ko a kwana a layin famfon tuƙa-tuƙa, layin da shi kansa taro ne. A gidan da mutum goma sha biyar ke zaune, ga kishiyoyi ga ƙannen miji ga tsohuwa, batun ba da tazara ya tsaya a rediyo.

Wanda ya fi jin jiki shi ne mai hannu baka hannu ƙwarya, wanda cefanen dare ke fitowa daga aikin safe: ɗan acaba, ɗan dako, mai faci, mai wankin hula. Tsarewar dā tana da mai kawo ƙwarya ya ajiye. Wannan kuwa ta haɗa majiyyaci da mai jinya da mai talla a ɗaki ɗaya, tallafin hatsin da hukuma da masu hali suka raba kuma bai kai ya maye gurbin kasuwa ba. Saboda haka dokar ta riƙa yoyo ta ko'ina. Ciniki ya koma zaure da bayan gari da duhun asuba, dabba ta bi burtali, wato hanyar shanu ta cikin daji, ta kauce wa shingen jami'an tsaro, babur ya bi ta gona, inda kuma aka bi titi sai aka biya na goro, kuɗin da a ƙarshe mai sayen tiya ne ya biya shi. Matan da suka shekara ashirin a kulle su ne suka fi kowa sanin yadda ake tafiyar da sana'a ta kan katanga, kuma a gidaje da yawa ribar ƙosai da ajiyar adashi ce ta riƙe tukunya lokacin da maigida ke zaune a zaure ba abin yi.

'Yan cin rani sun shiga wani hali na daban. Dokar hana tafiya ta same su a Legas da Abuja da Kano, aikin ya tsaya, ga damina tana matsowa, wanda kuwa ya rasa shukar farko a ƙasar gero ya rasa shekara. Motocin abinci da dabbobi na cikin waɗanda aka yarje wa wucewa, don haka da yawa suka dawo gida a bayan tirela, a cakuɗe da buhuna. A lokaci guda gwamnonin Arewa suka amince a watan Afrilu cewa kowace jiha ta mai da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara a motoci ana ƙetarawa da su, Jigawa ta killace waɗanda aka kawo mata a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau kusa da Dutse, gwaji kuma ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar. Ko da wane ma'auni aka auna, na likita ko na malami, kwasar yara daga garin da annoba ta sauka zuwa inda ba ta kai ba kuskure ne, kuma ya zubar da ƙimar dokar a idon talakan da aka hana shi kai akuya kasuwa.

A majalisu an yi ta cewa korona cutar manya ce, ta masu hawa jirgin sama, musamman bayan rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu, ana kuma cewa yunwa ta fi korona. Mai saurin hukunci zai kira wannan jahilci, amma mutanen da suka san agana da zanzanarta, suka san sanƙarau da yadda yake kayar da saurayi cikin kwana biyu, suna da ma'aunin da suke gane annoba da shi, kuma ciwon da yawancin masu ɗauke da shi ke yawo lafiya lau bai cika wannan ma'auni ba. Sai dai ma'aunin ya gaza wajen dattawa. A Kano masu haƙar kabari ne suka fara ba da labarin yawaitar mace-mace a watan Afrilu, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. A Haɗeja ma, maƙwabciyar Gumel, an yi ta binne tsofaffi a farkon Mayu har gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike. Cutar gaskiya ce, wahalar kullen ma gaskiya ce, kuma ba mutum ɗaya ba ne ya ɗauki nauyin biyun: tsoho ne ke cikin haɗarin ciwon, saurayi da mai talla ne suka biya kuɗin dokar.

Sassauci ya zo a hankali. An yi ƙaramar salla ranar 24 ga Mayu ba armashi, manyan masarautu irin Kano suka soke hawa. Aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, wata guda kafin layya ta 31 ga Yuli, abin da ya ba masu kiwon raguna damar kai su kudu, a shekarar da Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma makaranta a farkon Agusta don jarrabawa, sauran ɗalibai, har da na Kwalejin Ilimi ta Gumel, suka ƙara jira. Ranar 16 ga Disamba 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Mfum da Maigatari. Da allurar rigakafi ta iso Nijeriya a watan Maris 2021, Jigawa ta kasance cikin jihohin da suka fi yi wa jama'arsu, aikin da ya bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, hanyar da aka gina tun zamanin yaƙi da shan inna, cutar da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji ranar 25 ga Agusta 2020.

Annobar da ta fi taɓa waɗannan ƙananan hukumomi huɗu kai tsaye bayan haka tsohuwar sananniya ce. A ƙarshen 2022 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram, ya fi tsanani a gundumar Dungas, ya ƙetaro a farkon 2023, Jigawa ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda suka kamu a Nijeriya, Maigatari da Sule Tankarkar kuma suna kan gaba, aka bi mazaɓu da allura, a 2024 kuma Jigawa ta kasance cikin jihohin farko da aka yi amfani da sabuwar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Ƙofar Maigatari kuwa an sake datse ta a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Tsakanin Agusta 2019 da Maris 2024 ta yi kusan wata 23 a rufe bisa umarnin Abuja, kuma abin da ya fara jawo rufewar farko shinkafa ce da fetur, ta biyu kuma siyasa.